Hannu Bisa Faranti

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Masta Dinanat ya rubuta katin baƙi, kuma tun ranar ba wanda ya taɓa ko ɗigo ɗaya a jikinsa. Layi goma sha biyu ne, Turanci a hagu, Hindi a dama cikin haruffan da baƙi ke iya karantawa, don duk wanda ya sauka a ɗaya daga cikin gidaje shida masu ɗakin baƙi a ƙauyen Nimkera ya sami abin buɗe baki da shi. Akwai gaisuwa. Akwai godiya. Akwai "Ina haikali yake?", alhali haikalin na tsaye ƙato a tsakiyar ƙauye, ko daga kan gado ana hango tutarsa. Akwai "Ƙasarku tana da kyau ƙwarai." A kan abinci kuwa, wanda baƙo zai yi fama da shi sau uku a yini, layi ɗaya ne tak: "Abincin ya yi daɗi sosai."

Duk shekara sai a kai katin Jansi a sake buga shi yadda yake, a shafe shi da leda, a rataya a kowane ɗaki. Haka muke a nan. Abu in ya yi shekara biyar a rataye ya zama gado, wanda ya taɓa shi kuma ya zama mara kunya.

Ranar wata Litinin Madam Nasrin ta zo daga Gwaliyo. Ita ce ke aiko wa ƙauyen baƙi. Aka taru a gindin darbejiyar ƙofar gidan Masta, maza a kan gadajen igiya, mata a ƙasa daga baya, kowace ta ja lulluɓi, duk da cewa su ke girki, su ke shara, su ke wankin zanin gado.

"Mutum goma sha huɗu na aiko muku bana," in ji Madam. "Kowa ya ce kwana uku zai yi. Tara sun gudu bayan kwana ɗaya. In na tambaye su, su ce mutanen kirki ne, ƙauyen ya yi kyau, amma dai a taimaka a zo a ɗauke su. Wallahi na kasa ganewa. Me kuke musu?"

"Zafi ne," in ji wani.

"A watan Janairu?"

"To sauro."

"Ni na sayo muku gidan sauro da hannuna."

Masta Dinanat ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya irin wadda ya yi shekara talatin yana yi wa 'yan aji biyar. "Baƙin yanzu ba su da juriya, shi ke nan magana. Na da su ne baƙi."

Rajni na zaune a bayan mahaifiyarta Ramkali. Wata shida ke nan da ta gama digiri a Jansi ta dawo gida tana jiran jarrabawar ɗaukar malamai, kuma wata shidan nan tana haɗiye maganganu har ta ji sun fara tsaya mata a wuya. Masta yayan mahaifinta ne, shi ya sa take ce masa Tawuji, kamar yadda ake kiran yayan uba a nan. Yau dai ta kasa haɗiyewa.

"Tawuji, a cikin taran nan, akwai wanda aka tambaya kafin ya shiga mota?"

Ramkali ta mintsine ta a cinya.

"A tambayi baƙo me ya kore shi?" in ji Masta. "A nan kika koyo wannan ko a Jansi? Baƙo ba a titsiye shi, 'yata. Yi shiru, manya na magana."

"Manya sun ce sauro."

Wata daga cikin mata ta yi dariya a cikin lulluɓi, ta mai da ita tari.

Madam Nasrin ta miƙe tana kaɗe riga. "Ni dai ga tawa. Jibi Laraba mutum ɗaya zai zo, dattijo ne daga Japan. Layin gidan wa ya zo?"

"Na Ramkali."

"To. In ya cika kwana uku, sunan Nimkera na nan a takardata. In ya kira ni in zo in ɗauke shi, zan mai da baƙina hayin kogi. Su ma suna da ɗakuna."

Rajni ta dubi bayan mahaifiyarta, ta ga yadda ya sanƙare. Baƙar saniyarsu guda aka sayar aka gina ɗakin nan, shekarar da mahaifinta ya rasu. Kafin ɗakin, Ramkali dutse take fasawa a bakin titin Orca tun safe har rana ta faɗi. In baƙi suka daina zuwa, gudumar na nan a bayan rumbu, ba a yar da ita ba.

Tun daga ranar Ramkali ba ta zauna ba. Ta shafe tsakar gida, ta yi zanen farar ƙasa a bakin ƙofa, ta niƙa alkama sabuwa, ta narka man shanu har ƙamshinsa ya kai gida uku. Shawarar da ta yanke ita ce wadda kowace mace a Nimkera za ta yanke: in baƙi na gudu, to ba a kula da su ne yadda ya kamata ba, sai a ƙara.

Baƙon ya iso Laraba da hantsi. Ɗan siririn tsoho ne mai furfura, sunansa Shimoda, shekara talatin da takwas yana rabon wasiƙu a garinsu kafin ya huta. Ya cire takalmi ba tare da an gaya masa ba, ya haɗa tafuka, ya yi gaisuwar namaste, ya rusuna har Ramkali ta rasa inda za ta sa kanta.

"Wannan ɗan mutunci ne," ta ce wa Rajni. "Amma dube shi, kamar tsinke. Ba mai ba shi abinci a ƙasarsu?"

Da azahar aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, aka ajiye babban faranti. Gurasar roti biyu masu zafi an shafe su da man shanu, miyar wake, dankali da farin kabeji, shinkafa, yajin mangwaro, nono. Ya ci a natse, ya suɗe komai, har ya bi ƙwayar shinkafar da ta maƙale a gefe ya ɗauke. Faranti ya yi fes kamar an wanke.

Ramkali ta dafe ƙirji. "He Ram! Yunwa yake ji!" Kafin ya ɗaga kai, roti biyu sun sauka, ludayin miya ya bi bayansu.

Ya dube ta, ya dubi farantin, ya yi murmushi, ya ci. Ya suɗe. Ta ƙara. A karo na uku ya laluba aljihu ya fito da katin Masta, wanda ya ciro daga ɗaki. Ya bi layukan da yatsa daga sama har ƙasa, ya koma sama, ya sake bi. Can ya tsaya a layi ɗayan da ya shafi abinci, ya karanta shi a hankali, kalma bayan kalma.

"Kin ji?" in ji Ramkali, fuska ta washe. "Da harshenmu ya ce ya yi daɗi! Miƙo tukunyar, ke."

"Maa, ya isa haka."

"Shi ya gaya miki? Ga farantinsa nan ba ko ƙwaya."

"Dubi goshinsa, gumi yake."

"Yaji ne. Zuba masa nono."

Gomti, maƙwabciyarsu, ta leƙo ta kan katanga, haɓa a kan hannu. "Nawa ya ci?"

"Bakwai, kuma bai gama ba."

"Af. Bajamushen nan nawa na bara tara ya ci."

"Naki ai ƙato ne kamar rumbu. Nawa dube shi, amma zai kai."

Ya kai. Rajni na tsaye da butar ruwa tana ƙirgawa, tana kallon yadda maƙogwaronsa ke aiki kamar mai haɗiye duwatsu. Bayan gurasa ta tara aka kawo shinkafa da madara mai sukari, cike da kwano. Ya shanye. Da zai tashi sai da ya dafa bango.

A nan ne abin ya faɗo wa Rajni gaba ɗaya. Ta sha jin matan nan a bakin famfo suna gasa, wannan ta ce nata ya ci shida, waccan ta ce nata takwas, ba wadda ta taɓa haɗa wannan da motocin da ke zuwa da safe suna kwashe baƙi. Ita ma ba ta taɓa haɗawa ba, da digirinta da komai. Wannan ya fi komai ba ta haushi.

Ta ajiye buta ta nufi gidan Masta. Ta same shi yana gyaran ƙafar tabarau da zare.

"Tawuji, na gano abin da ke korar su. Ɗura muke musu. Ba su san yadda ake tsayar da ludayi ba."

"Kowa ya san yadda ake tsayar da ludayi."

"Kowa a nan. Kai in ka ƙoshi me kake yi?"

"In rufe farantina da hannu in ce bas."

"To nuna mini bas a katinka."

Ya sa tabarau ya dube ta ta samansu. "Ke yanzu so kike in rubuta wa baƙo yadda zai ce ya isa? A gidanmu? In miƙa masa a hannu ranar da ya sauka?"

"Kalma ɗaya ce."

"Kalma ɗaya ce da za ta kai hayin kogi kafin gobe. Su ce mutanen Nimkera sun buga takarda suna koya wa baƙi cin kaɗan don garin alkamarsu ya yi auki. Kakanki, da fari ya yi shekara biyu, bai taɓa barin baƙo ya tashi da sauran wuri a ciki ba."

"Kakana baƙinsa sun san yadda za su kare kansu."

"Katin nan an gwada shi shekara goma sha ɗaya."

"An rataya shi shekara goma sha ɗaya, Tawuji. Ba a gwada shi ba."

Ya nuna mata ƙofa da zaren da ke hannunsa. "Je ki gaya wa uwarki. In ta yarda, ki dawo." Ya san abin da yake yi.

Ramkali na murza ƙullin abincin yamma lokacin da Rajni ta faɗa mata. Ba ta ko ɗaga kai ba.

"In koya wa baƙona ya ce mini ya isa? Sai ki ce in tsaya a ƙofa da tsintsiya."

"Maa, zai yi ciwo."

"Abincina ne zai sa shi ciwo? Shekara ashirin da uku kina cinsa, ga ki nan da bakin da ya fi ƙarfin kowa."

"To ni zan gaya masa."

Yanzu ta ɗago. "Ki kuskura. Gomti ta ji cewa 'yata ta ja baƙo gefe ta ce masa ya rage ci, in bi ta ina in je famfo? Ki bari ya cika kwana ukunsa lafiya, ki ji tausayina."

Tsoro Rajni ta gani a idon uwar, ba taurin kai kaɗai ba, sai ta kasa gaya masa. Da yamma aka maimaita abin da aka yi da rana, har da ƙarin soyayyen ƙulli a cikin ruwan sukari.

Washegari da safe ta kai masa shayi, ta same shi zaune a bakin gado, jakarsa a ɗaure, hular tafiya a kan gwiwa. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya miƙe da ƙyar ya rusuna mata.

Turancinsa guntu-guntu ne, nata kuma na littafi, amma suka fahimci juna. Ya kira direba daga Orca, ƙarfe sha ɗaya zai iso. Yana ba da haƙuri ƙwarai. Gidan ya yi kyau. Mamanta mutuniyar kirki ce.

Kalaman da tara suka faɗa wa Madam ke nan, ba ragi. Rajni ta ajiye shayin, ta yi abin da aka ce rashin kunya ne.

"Baba, me ya kore ka?"

Ya yi ta juya hula a hannu. Ta jira. Can ya dafa cikinsa, kunya ta rufe shi kamar wanda aka kama da sata.

"To me ya sa kake cinyewa? Ka bar shi a faranti mana."

Ya girgiza kai da sauri, kamar ta ce ya zagi wani. Ya yi ta neman kalmomi, tana taya shi. Mahaifiyarsa ta yi ƙuruciya a shekarun yunwa bayan yaƙi. A gidansu ba a barin ƙwayar shinkafa ɗaya a kwano, don wani ya sunkuya a cikin taɓo kafin ta samu, wata kuma ta tsaya a gaban wuta. Barin abinci raina mai girki ne. Shekararsa saba'in bai taɓa yi ba, ba zai fara a gidan matar da ta yi masa wannan hidima ba. Ya nemi kalma a kati bai samu ba. Ya ga in ya zauna, ko dai ya ci mutuncinta ko ya kwanta asibiti, sai ya zaɓi ya tafi.

Rajni ta dubi agogon wayarta. Tara da kwata. Za ta iya koya masa kalmar nan take, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Amma in daga bakinta ta fito, uwar za ta ji ta a matsayin cin amana, kuma baƙo na gaba zai faɗa ramin da wannan ya faɗa. Ta ce masa ya jira, ta nufi madafa.

Ramkali na soya gurasa mai dankali a ciki, shida na jere a kwando.

"Maa, ya ɗaure jaka. Mota na zuwa ƙarfe sha ɗaya."

Cokalin ya tsaya a iska. Ramkali ta zauna daɓas a kan kujerar tsuguno, man na ta ƙara a kasko. Rajni ta sauke kaskon, ta tsuguna a gabanta.

"Ban koya masa komai ba, na rantse. Tambayarsa kawai na yi. Ki zo ki ji da kunnenki, ni zan fassara, ba zan ƙara ko gishiri ba."

"Me zan ji? Abincina bai yi masa ba."

"Ki zo dai."

Ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa, lulluɓi har haɓa. Shimoda ya maimaita, Rajni na juyawa. Da aka zo kan mahaifiyarsa da ƙwayar shinkafa, lulluɓin ya ɗan ja baya.

"Tambaye shi, uwar tasa na da rai?"

Ta rasu shekara tara.

"Ta iya tarbiyya," in ji Ramkali a hankali. "Ba irin 'ya'yan yanzu ba, masu barin rabin roti su ce sun ƙoshi." Ta harari Rajni. Sai kuma ta daka tsawa, kamar tsohon ɗanta ne: "To shi wane irin mutum ne? Ya ƙoshi, ba sai ya rufe farantinsa ba? Ya zauna yana ta suɗewa kamar maraya, ni ina zan sani?"

"Bai san ana rufewa ba."

"Haba! Yaron goye ma ya sani."

"Wa ya koya wa yaron?"

"Ba a koya wannan. Da shi ake haihuwar mutum."

"Ni ke kika koya mini. Bikin gidan su kawu a Tikamgar, ina shekara biyar, na ci har na yi amai a kan sabon siket ɗina. Kika kama hannuna kika ɗora a kan faranti, kika ce in ba haka na yi ba matan gidan nan sai sun kashe ni."

Ramkali ta yi tsaye, baki a ɗan buɗe. Ta dubi tsohon, ta dubi jakarsa, ta dubi katin da ke kan gado.

"Takardar Tawujinki ba ta faɗa masa ba?"

"Ta faɗa masa inda haikali yake."

"Tabɗi." Ta fara ƙirga da yatsu. "Da Bajamushen Gomti, da matan nan biyu na gidan Fulwati, duk..."

"Duka, Maa."

"Mun yi ta yi wa bayin Ubangiji ɗura kamar kajin biki, suna yi mana godiya." Ta tura lulluɓin baya gaba ɗaya, abin da ba ta taɓa yi a gaban baƙo ba. "Ce masa ya fito tsakar gida. Ba inda za shi da wannan cikin. Ke kuma ɗauko farantin jiya."

"Maa, ba zai iya cin..."

"Na ce abinci? Faranti na ce."

Aka zaunar da shi a tabarma, faranti wayam a gabansa. Ramkali ta ɗauko ludayi da tukunyar da ba komai a ciki, ta tsuguna. Ta yi kamar ta ɗebo, ta nufo farantin. Ya zuba mata ido. Ta ajiye ludayin, ta kama hannunsa na dama ta kifa shi bisa farantin, ta danna.

"Bas," ta ce.

"Basu."

"Ba basu ba. Bas. Gajere, kamar ka rufe ƙofa."

"Bas."

"Yawwa. Sake." Ta ɗebo iska ta nufo shi. Ya ɗora hannu, ya faɗa a hankali, yana rusunawa. Ta zagaye hannun ta zuba ta gefe.

Ya dubi Rajni a firgice.

"Gaya masa na farko ba na ji," in ji Ramkali. "Na farko kunya ce, kowa na yi. Na biyu ma sai na gwada shi. A na uku ne zai buɗe yatsu ya rufe ko'ina, ya dube ni cikin ido. Kuma ya daina wannan sunkuyon, in ya sunkuya ta bayan kunnensa zan zuba."

Rajni ta fassara. Tsohon ya yi wata 'yar dariya, ta farko tun zuwansa, ya dafe ciki don ta yi masa zafi. Aka sake. Ludayi ya zo ta dama, ya tare. Ya zo ta hagu, ya tare. A na uku ya baza hannu biyu, ya ɗaga kai, ya ce "Bas!" da ƙarfin da ya sa akuya ta zabura.

"Ato!" in ji Ramkali. "Ashe da murya."

Gomti na kan katanga tun ɗazu. "Ramkali, me nake gani? Garin ne ya ƙare, in auno miki?"

"Riƙe garinki. Bajamushenki kwana nawa ya yi?"

"Ai shi aiki ne ya taso masa."

"Aiki. A bayan gidanki ya yi aikin, duk unguwa ta ji."

Gomti ta sauka daga katanga ba sallama.

Ƙarfe sha ɗaya saura mota ta yi ƙaho a waje. Tare da ita Masta Dinanat ya shigo, don labari ya riga ya kai masa. Ya tsaya da sandarsa yana kallon matar ƙanensa tsugune da ludayi, da baƙo na kare faranti kamar mai tsaron raga.

Ba wanda ya ce wa Shimoda kada ya tafi. Ya miƙe, ya shiga ɗaki, ya fito. Ba jaka a hannunsa, sai walat. Ya je ƙofa, ya sallami direban da haƙuri da rusunawa uku, ya dawo ya zauna a tabarmarsa. Ya tambayi Rajni ko akwai ruwan zafi kawai, da ɗan gishiri.

Ramkali ta juya baya ta shiga madafa da sauri. Ta daɗe kafin ta fito, kuma da ta fito da jajayen idanu ta ce hayaƙi ne.

Da rana faten shinkafa da wake ta yi masa, mai ruwa-ruwa, rabin kwano. Ya shanye. Ta ɗago ludayi, ya tare sau uku, ta janye tana ƙunƙuni. Masta na zaune a gefe, ya ƙi tafiya. Da aka kwashe kwanuka, Shimoda ya ɗauko katin da alƙalami, ya miƙa masa da hannu biyu. An gaya masa shi ne malamin da ya rubuta. Yana roƙo a sa masa sabuwar kalmar a ƙasa, kada ya manta, don daga nan Banaras za shi.

Masta ya dubi alƙalamin kamar kunama. Baƙo ne ya roƙa, kuma baƙo ba a hana shi. Ya juya katin, ya rubuta a baya da kyakkyawan rubutunsa na allo, ya ja layi a ƙasa.

"Wannan nasa ne shi kaɗai," ya ce wa Rajni. "Ba a ce an canza kati ba."

"Ban ce komai ba, Tawuji."

"Fuskarki ta ce."

Shimoda ya cika kwana uku. Ranar Asabar da ya tafi, ya riga ya cika bayan katin da abin da ya roƙa da kansa: ruwan zafi, ban da yaji, a hankali, ina jin sanyi, me sunanki. Ya bar shi a kan gado, ya kwafi nasa a littafi. Madam Nasrin ta bugo waya da la'asar ta ce mutum huɗu na tafe makon sama, a gyara ɗakuna biyu.

Ba a gama ba, kada wani ya ɗauka an gama. Gomti har yau cewa take baƙinta ba sa buƙatar takarda, kuma gidaje biyu na bayanta. Amma ranar da za a kai kati Jansi, Rajni ta je gindin darbejiya da wanda tsohon ya bari, ta ajiye a gaban Masta, mata huɗu na tsaye a bayanta. Ya karanta, ya ce rubutun baƙon kamar tafiyar kaza, ya ce "ban da yaji" cin fuska ne ga ƙasa baki ɗaya, ya ce in dai za a yi to shi zai tsara da hannunsa, ba wata mai digirin jiya ba. Ya ɗauko takarda ya fara.

Ya kai layi na goma sha bakwai ke nan Ramkali ta matso, ta yi magana a gaban maza ba tare da an tambaye ta ba.

"Yaya, akwai saura. A ƙarƙashin bas ɗin nan, sa musu yadda ake cewa a ƙara kaɗan."

"Maa!" in ji Rajni.

"Me? Kin samu naki. Wani zai zo mai ci na gaskiya, ya rasa yadda zai roƙa, ya kwana da yunwa a gidana?"

Masta ya dubi 'yar, ya dubi uwar, ya dangwala alƙalami.

"Wannan kam," ya ce, "da manyan baƙaƙe zan rubuta shi."